Ƙarshen Shekarar Karatu a Firamare da Shirin Dogon Hutu

Shekarar karatu a makarantun firamare na Nijeriya zango uku ce. Takan fara a watan Satumba, ta ƙare a watan Yuli, daga nan sai dogon hutu na mako shida zuwa takwas. Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ce ke fitar da nata jadawalin, shi ya sa ranakun kan saɓa. A 2025, alal misali, jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumin Ramadan, kuma irin wannan gyara kan iya jan zangon ƙarshe har ya taɓa watan Agusta. A Jamhuriyar Nijar kuwa ana buɗewa ne a watan Oktoba, a tashi wajen ƙarshen Yuni, hutun ya kai kusan wata uku. A ƙasashen biyu hutun yana faɗawa ne tsakiyar damina, kuma daminar ce ke tsara kusan duk abin da yaro zai yi a cikinsa.

Zango na uku ya bambanta da na ɗaya da na biyu, domin a ƙarshensa ne ake ciyar da yara gaba. Akan haɗa makin gwaje-gwajen da aka yi a cikin zango, wanda yawanci yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari, da makin babbar jarrabawa. Makarantu da yawa kuma sukan tara makin zangunan uku su raba, su fitar da sakamakon shekara. Aiki ne mai cin lokaci. Malamin da ke riƙe da yara tamanin ko ɗari zai duba takardunsu a kowane darasi, ya shigar da maki a babbar takarda, ya lissafa, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan ya cike takardar sakamakon kowane yaro da hannu. Shi ya sa ake gama jarrabawa tun saura kamar mako biyu a tashi.

Waɗannan makonni biyu su ne mafi yawan asara a duk shekarar. Malamai suna ofis sun duƙufa kan lissafi, yara suna fili suna guje-guje, ƙarfe goma ko sha ɗaya an watse. Iyaye da dama, ganin ba a karatu, sai su daina turo yaran, musamman a karkara inda noman farko ya riga ya kankama. Alhali kuwa akwai wani aiki mai sauƙi da ya fi jera yara amfani, wato a zauna da kowane yaro shi kaɗai a ji karatunsa. Malam zai miƙa masa takarda guda. A samanta akwai haruffa, ƙasa da su gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sai kalmomi, sai jimloli, a can ƙasa kuma ɗan gajeren labari. Yaro ya ɗora yatsa ya fara, inda ya cije nan ne matsayinsa. Haka za a yi masa a lissafi, daga gane lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da rabawa. Minti biyar ya isa yaro guda, aji mai yara tamanin kuma ba zai wuce kwana biyu ko uku ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan salon gwaji, an kuma yi aiki da shi a makarantun jihohin Borno da Kano.

Amfanin gwajin yana fitowa ne idan aka dubi takardar sakamako. Ranar da aka ba da hutu, tambayar da ke jiran yaro a ƙofar gida ita ce, "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a sa masa albarka, wataƙila har a yanka masa kaza. In ya ce na arba'in, ya sha faɗa. Amma matsayi yana auna yaro ne da abokan ajinsa kawai. A ajin da yawancin yara ba su iya karatu ba, mai yiwuwa ne wanda ya zo na uku shi ma bai iya karanta jimla biyu a jere ba. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce: ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Bayanin malami da ke ƙasan takardar shi ma bai cika taimakawa ba. Kalma biyu ce ko uku da Turanci, ma'anarsu dai "ya ƙara ƙoƙari", an rubuta wa yara hamsin iri ɗaya, kuma uban da aka rubuta dominsa sau da yawa ba ya karanta Turanci. Jimla guda da Hausa, ko da ajami ce, da ke cewa "Ta san haruffa amma ba ta fara haɗa gaɓoɓi ba," ta fi wannan nesa ba kusa ba, domin ta faɗa wa gida abin da za a yi a hutu.

A makarantun gwamnati kusan kowa ake ciyarwa gaba, maimaita aji sai nadiran. Masu goyon bayan haka suna da hujja, don yaron da aka maimaita wa aji yakan ji kunya, kuma shi ne ya fi saurin barin makaranta. Matsalar tana wajen ciyar da yaro gaba ba tare da bayaninsa ya bi shi ba. Malamin aji uku yakan karɓi yara a Satumba bai san komai a kansu ba sai sunayensu a rajista, ya buɗe manhajar aji uku ya fara, alhali rabinsu suna matakin aji ɗaya. Takarda ɗaya daga malamin bara, mai nuna wa ya iya me, ta isa ta rage wannan. Hedimasta ne ke da ikon tilasta a rubuta ta kafin a tashi.

'Yan aji shida lamarinsu daban ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar NECO tana shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, jihohi kuma suna da nasu hanyoyin tantancewa da rarraba yara. A takarda dai babu wanda ya kamata ya tsaya a aji shida, amma a zahiri nan ne yara masu yawa ke sulalewa. Makarantun firamare sun fi ƙananan sakandare yawa ƙwarai. Ƙauyen da ke da firamare a bakin kasuwa, sakandaren da ta fi kusa da shi tana iya zama tafiyar kilomita da dama, kuma uban da bai damu ɗansa ya taka wannan hanya ba zai yi dogon tunani kafin ya bar 'yarsa mai shekara goma sha biyu ta bi ta kullum. A Nijar ma haka: ɗan ƙauyen da ya gama ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, sau da yawa sai an nema masa mai masauki a garin da kwaleji take, in ba a samu ba karatu ya tsaya. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ya kuma fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, an kafa shi ne don toshe wannan giɓi ga 'yan mata. Sai dai a matakin gida shawarar ana yanke ta ne a cikin dogon hutu, a tsakar gida, lokacin da babu malami a kusa. Saboda haka taron iyaye da malamai na ƙarshen shekara ya kamata ya ware lokaci ga iyayen 'yan aji shida su kaɗai: wace makaranta aka tura kowane yaro, yaushe ake rajista, me za a je da shi. Takardar shaidar gama firamare da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya gara a neme su tun yanzu, kada a bari sai ana gobe komawa.

Bikin yaye ɗalibai da rabon kyaututtuka shi ne abin da yara suka fi ɗoki, kuma yana da kyau yaro ya ji an kira sunansa a gaban iyayensa. Amma a makarantun kuɗi abin ya zama wata hanyar tatsa: kuɗin riga da hula, kuɗin hoto, kuɗin abinci, anko, har ga yaron da ya gama ajin rainon yara bai san me ake yi ba. A 2025 wasu jihohi, ciki har da Imo, sun hana irin wannan biki a ƙananan azuzuwa. Iyalin da ya kashe kuɗin littattafan Satumba a bikin Yuli ya yi ciniki mara riba.

Babbar tambaya game da hutun kansa ita ce abin da yake yi wa karatun yaro. An fi bincika wannan a Amurka, inda hutun ƙarshen shekara ke kai mako goma zuwa sha biyu. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike 39, suka ga cewa a matsakaici yaro kan dawo da asarar kimanin karatun wata guda, asarar ta fi yawa a lissafi, a karatu kuwa 'ya'yan talakawa ne suka fi ja baya. Wani binciken da Karl Alexander ya jagoranta ya bi yara kusan 800 a birnin Baltimore tun daga 1982, ya danganta babban kaso na tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na marasa hali da abin da ke faruwa a lokacin hutu. Daga baya wasu masana sun yi jayayya da girman alƙaluman, suna cewa irin gwajin da aka yi amfani da shi ya zuzuta su. Binciken da ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa shi ne na arewacin Ghana, wanda aka wallafa a 2021. An auna yaran da suka gama wani shirin koyon karatu da harshen gida, aka sake auna su bayan kimanin wata uku suna zaune kafin su shiga makarantar gwamnati, aka tarar kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka ƙaru da shi a lissafi ya zube. Waɗanda ba su da littafi a gida, ko ba su da mai taimaka musu, su ne suka fi asara.

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan. Ba a barin almajiri ya yi ta ƙarin sabon karatu ba tare da tishi ba, don an san abin da ba a maimaitawa gudu yake yi. Karatun boko na ɗan aji biyu haka yake, bai riga ya zauna ba. Abin da yake bukata a hutu tishi ne na minti goma sha biyar ko ashirin kullum, a lokaci sananne, kamar bayan sallar la'asar ko kafin a tafi Islamiyya. Ba sai uwa ko uba sun yi boko ba. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya zaunar da 'yarta ta ce, "Karanta mini in ji," kuma kunnenta zai gaya mata ko karatun yana tafiya ko yana tuntuɓe. Yaya ko yayar da ke sakandare ita ce malamar da ta fi kusa. Abin karantawa kuma bai tsaya ga littafin makaranta ba: allon shago, rubutun bayan mota, kwalin magani, buhun taki, duk karatu ne. Inda aka samu littafi, tsofaffin littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu har yanzu suna aiki ga masu farawa, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuma ga 'yan aji biyar da shida. A Bauchi da Sakkwato an raba littattafan Mu Karanta a makarantu. Kuskure ne a kulle irin waɗannan a kabad ɗin hedimasta har mako takwas don tsoron kada su yage. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Lissafi kuwa kasuwa ta ishe shi: a aiki yaro da naira dubu ɗaya ya sayo abu uku, a ce ya faɗi canjin kafin ya fita.

A birane lesin hutu ya zama ruwan dare. Wani yana da amfani, wani kuwa ajiyar yara ce kawai ake biya. Alamar da ake gane nagari ita ce daga ina ya fara. Mai lesin da ya buɗe littafin aji na gaba tun ranar farko, don iyaye su ga an yi nisa, ya tsallake ramin da ya kamata ya cike. Kuma yaron da ya yi wata goma yana zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, wani har da karatun dare, yana da haƙƙin ya huta. Langa da 'yar gala-gala da ƙwallon unguwa ba ɓata lokaci ba ne. Abin sa ido shi ne waya da talabijin, da gidan kallon ƙwallo wanda kasuwarsa ke buɗewa a watan Agusta idan gasar Ingila ta dawo.

A karkara hutun na gona ne, babu wata ja. Yaro zai bi mahaifinsa maimai, ya kai abinci gona, ya yi kiwo, ya yo ciyawa, kuma a nan yake koyon abin da aji ba ya koyarwa. Iyakar da ya kamata a ja tana wajen aikin da ya fi ƙarfinsa da kuma maganin feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari sun yawaita a gonaki, kuma ba daidai ba ne a goya wa ɗan shekara goma tankin feshi, ko a bar shi ya ɗauraye robar maganin ya zuba ruwan sha a ciki. A gari kuma akan kai yara koyon sana'a, wajen tela ko kafinta ko mai gyaran waya. Al'ada ce mai kyau, sai dai tana da tarko: yaron da ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihunsa yakan ga komawa aji a matsayin asara. Gara a yi magana da maigidan tun ranar da aka kai shi, a ce na hutu ne, in an koma kuma sai Asabar da Lahadi. Talla ma takan ƙaru a hutu, kuma yarinyar da ake ɗora wa faranti tana yawo tasha da gareji har bayan magariba tana cikin haɗarin da kowa ya sani.

Lafiya ita ce ɓangaren da makarantu suka fi mantawa a jawabin sallama. Marka lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, kuma Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa wata-wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012, an fi ba da shi ne ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ɗan firamare ya wuce wannan shekarun, saboda haka gidan sauro ne kariyarsa, kuma a gidaje da yawa shi ne ake bari a waje idan gidan sauron bai isa ba. Zazzaɓi in ya zo a gwada jini kafin a sha magani. Kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika a wannan lokaci, kowace damina kuma sai an ji labarin yaran da suka nutse. Wanka a ruwan da ba ya gudu shi ke kawo tsargiya, wadda wasu har yanzu suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce mai magani. Kwalara ma ta damina ce. A ɓarkewar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi yawa a cikin masu kamuwa. Kowane gida ya kamata ya san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba mara lafiya ana kan hanyar asibiti. Ga kuma abinci. Yuli da Agusta ne rumbu ke yin ƙasa, hatsi ya yi tsada kafin sabon gero ya shigo, kuma inda ake ciyar da yara a makaranta, ranar da aka rufe ta abincin ma ya tsaya.

Ginin makarantar shi ma yana bukatar shiri. Kwanon da iska ta ɗaga a watan Yuni, in ba a buga masa ƙusa ba, zuwa Satumba silin da benci da allo duk sun jiƙe. Makarantar da ba ta da katanga takan zama makiyaya da mafakar 'yan shaye-shaye, a dawo a tarar an cire ƙofofi da tagogi. Aikin kwamitin kula da makaranta ne, wato SBMC, tare da mai unguwa, su tattara kujeru da littattafai a ɗakin da ya fi tsaro, su san wa zai riƙa leƙawa. A shekarar ambaliya kuma makaranta ce wurin farko da ake tsugunar da jama'a. Haka aka yi a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, kuma a wannan shekarar gwamnatin Nijar sai da ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ɓarnar ruwa. A Nijar ɗin akwai ƙarin wahala ta azuzuwan zana, waɗanda ba sa jure ruwan sama, sai an sake kafa su bayan damina.

Sai batun kuɗin komawa. Ko a makarantar da ba a biyan kuɗin karatu, akwai yunifom da takalmi da jaka da littattafan rubutu, kuma Satumba tana riskar manomi kafin ya sayar da amfanin gona, ma'aikaci kuma ga kuɗin yara uku ko huɗu a wata ɗaya. Masu dabara sukan fara tun Yuli, wannan mako dozin ɗin littafin rubutu, wancan mako yadin yunifom a kai wa tela kafin layi ya yi tsawo, wasu matan kuma sukan tsara kwasar adashinsu ta faɗo daidai lokacin. Littattafan wa a adana wa ƙane, in dai makaranta ba ta sauya su ba. Yaron da ya cika shekara shida a yi masa rajistar aji ɗaya tun makon farko. Wannan makon, wanda ake yi wa kallon makon shara da yankan ciyawa, iyaye da yawa sukan bar shi ya wuce, wasu har mako na biyu da na uku, sai hutun mako bakwai ya koma na mako goma. Hedimastocin da suka san haka sukan sa a yi shelar ranar komawa a masallatan Juma'a da coci-coci da gidan mai unguwa tun saura mako guda, su kuma fara darasi ranar Litinin ɗin farko ko da rabin aji ne suka zo.